Yadda Ake Shirya Tafiyar Hutu ta Intanet Ba Tare da An Tafka Asara Ba

A da, idan magidanci zai fita waje da iyalinsa, ofishin ejan yake zuwa ya ajiye fasfo da kuɗi ya koma gida. In an samu tangarɗa, ya san ƙofar da zai je ya buga. Yanzu waya ta karɓe rabin wannan aiki. Kana kishingiɗe a falo za ka ga kuɗin jirgi daga Kano zuwa Jidda ko Alƙahira ko Accra, ka leƙa ɗakin otal har ka ga launin labulensa. Matsalar ita ce duk kuskuren da aka yi a nan naka ne kai kaɗai, kuma yawanci da dala ake biyan kuɗin gyaransa.

'Yan damfara suna nan, za mu zo kansu. Amma a ganina asarar da ta fi cin mutanenmu ta gaggawa ce da rashin bin abu daki-daki: a yanki tikitin da ba a mayar da kuɗinsa tun biza ba ta fito ba, ko a biya otal tun ba a duba fasfon yara ba. Saboda haka ga ƙa'idar da za a riƙe. Abin da ba ya cin ko sisi shi ne farko, sai abin da ake iya fasawa a karɓi kuɗi, a ƙarshe kuma abin da in ka biya ka biya ke nan. Zan riƙa misali da iyalin da ke tashi daga arewacin Najeriya, musamman masu haɗa hutun makaranta da Umra, amma matakan ba sa canjawa ko ina aka nufa.

Mataki na 1: Fito da fasfo tukuna

Kafin ka buɗe kowane shafi, tara fasfon duk wanda za a tafi da shi, har jariri, ka duba ranar ƙarewarsa. Ƙasashe da yawa, har da Saudiyya, suna son ya kasance da sauran aƙalla wata 6. Fasfon da ya rage masa wata 4 bai mutu ba, amma a wurin awon kaya za a juyo da mai shi, kuma kamfanin jirgi ba zai ɗauki laifin ba. Na yara aka fi mantawa da shi. Uba ya yi mai shafi 64 na shekara 10 ya saki jiki, alhali na yaran mai shekara 5 ne. Idan sai an sabunta, fara tun yanzu, domin Hukumar Shige da Fice daga lambar NIN take ɗauko bayanai, kuma in suna ko ranar haihuwa sun saɓa, sai an gyara can kafin a ci gaba. Wannan kaɗai kan cinye makonni.

Sai suna. Mu Hausawa muna da matsala ta musamman a nan, domin suna ɗaya kan zo da rubutu uku ko huɗu: Muhammad, Mohammed, Muhammed, Aisha, Aishatu, Aishat, Abdullahi, Abdullah. Kada ka rubuta sunan kowa da ka, ko da matarka ce. A ƙasan shafin hoto akwai layi biyu masu haruffa da alamomin <<<. Layin sama, bayan NGA, sunan da ya fara zuwa shi ne sunan mahaifi ko na dangi, na bayan alamomin biyu kuma su ne sunayen mutum. Yadda aka rubuta a nan, harafi da harafi, haka za ka cika a tikiti da biza. Kuskuren da aka fi yi shi ne miji ya sa wa matarsa sunansa, alhali fasfonta da sunan mahaifinta aka yi shi. Harafi ɗaya ko biyu wasu kamfanoni kan gyara, wani lokaci da kuɗi. Canja suna ɗungurungum kuwa, sai dai a yanki sabon tikiti.

Ɗauki hoton shafin kowane fasfo a wuri mai haske, ba tare da ƙyallin fitila ba, ka tara su wuri guda a waya.

Rigakafi ma a nan ake yinsa, don yana da lissafin kwanaki. Allurar zazzaɓin shawara ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ya isa har ƙarshen rayuwa. Ghana na cikin ƙasashen da ke neman katin shaidar wannan allura. Saudiyya kuma tana neman masu Umra da Hajji su yi allurar sanƙarau aƙalla kwana 10 kafin isowa. A je ofishin lafiya na filin jirgi ko cibiyar da gwamnati ta amince da ita a yi allurar da gaske. Katin da ake saye ba tare da allura ba, ban da hatsarin kamu, jikin ɗanka kake yi wa ha'inci.

Mataki na 2: San matsayinka game da biza

Fasfon Najeriya yana shiga ƙasashen ECOWAS irin su Ghana, Senegal, Benin, Togo da Gambiya ba biza, har kwana 90. Ruwanda na ba 'yan ƙasashen Tarayyar Afirka izinin kwana 30 a filin jirgi kyauta. Masar sai an nemi biza kafin a tafi. Dubai kuma darasi ce a kan yadda doka ke juyawa: an rufe wa 'yan Najeriya biza a 2022, sai a watan Yulin 2024 aka sake buɗewa. Saboda haka abin da abokinka ya gaya maka daga tafiyarsa ta bara ba hujja ba ne. Duba shafin ofishin jakadancin ƙasar, sannan ka duba shafin bayanan tafiya na IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, domin irin waɗannan bayanan ma'aikatan awon kaya suke dubawa kafin su bar ka ka shiga jirgi.

A kula da Google a nan. In ka rubuta sunan ƙasa da kalmar biza, shafukan da ke fitowa a sama galibi talla ne da aka biya, na 'yan tsakiya waɗanda ke ninka kuɗi, wasu ma na ƙarya ne ƙwata-ƙwata. Sun iya sa tuta da tambari kamar na gwamnati. Shiga ta hanyar da shafin ofishin jakadanci ya nuna maka kawai.

Bizar Umra ta bambanta. Galibin 'yan Najeriya ta hannun kamfani mai lasisin NAHCON, hukumar alhazai ta ƙasa, suke samunta, kuma hukumar na fitar da jerin kamfanonin da ta amince da su. Tun daga 2025 Saudiyya ta ɗaure fitar bizar da samun masaukin da aka tabbatar a tsarinta na Nusuk, don haka kada ka biya otal da kanka sai ka tambayi kamfanin ko za a karɓe shi. A tuna kuma ana dakatar da bizar Umra bayan ƙaramar Sallah saboda shirin aikin Hajji, sai an kammala a sake buɗewa.

Idan ofishin jakadanci ya nemi shaidar jirgi da masauki, abin da yake so yawanci shi ne takardar kama kujera da takardar kama ɗaki. Kama kujerar da ba a biya ba tukuna, da ɗakin da ake iya fasawa kyauta, sun wadatar a wurare da yawa. Karanta sharaɗin ƙasar da kyau, amma kada ka zuba miliyoyi a tikiti kana jiran hukuncin da ba a hannunka yake ba.

Mataki na 3: Gyara hanyar biyan kuɗi kafin ka ga farashi mai daɗi

Nan ne ciwon kan ɗan Najeriya. A 2022 bankuna da dama suka dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira. A tsakiyar 2025 wasu suka dawo da shi, amma da iyaka a wata ko a wata uku, kuma iyakar ta bambanta daga banki zuwa banki. Je bankinka ko ka kira su ka yi tambaya uku: katina yana biya a shafukan waje? Nawa ne iyakarsa? Da wane farashin dala kuke lissafi yau? Katin Verve na cikin gida ne, yawancin shafukan waje Visa da Mastercard suke karɓa.

Mai tafiya da iyali, iyakar katin naira da wuya ta ishe shi. Mafita ita ce asusun dala da katinsa: ka sayi dala, a banki ko wurin 'yan canji masu rajista, ka zuba a asusun. Akwai kuma katunan dala na cikin manhaja, waɗanda babu su a hannu. Suna aiki wajen biya a shafi, sai dai wasu otal da wasu kamfanonin jirgi kan ce a nuna musu katin da aka biya da shi, ka ga an shiga dogon bayani a gaban teburi. Ni dai ba na son tara kuɗi mai yawa a irinsu.

Hanya mafi sauƙi ga tikiti ita ce ka buɗe shafin kamfanin jirgin ka zaɓi Najeriya a matsayin ƙasarka. Kamfanoni da yawa za su nuna maka farashi da naira, wasu har su ba ka damar kama kujera ka biya ta tiransifa ko a ofishinsu cikin wasu sa'o'i. Rubuta ƙarfe nawa wa'adin zai cika. Yana wucewa kujerar ta tafi.

Ranar biya, tabbatar layin da banki ke turo maka lambar OTP yana hannunka kuma da sabis. Kada ka biya da wayifai na otal ko na kanti. Sannan ga abin da ke sa mutane zufa: ka danna biya, shafin ya tsaya yana juyi, alat ya shigo an cire kuɗi, tikiti bai zo ba. Kada ka sake dannawa. Wanda ya sake dannawa sau da yawa shi ke wayar gari da cirewa biyu. Ɗauki hoton allon da na alat, duba imel har akwatin tarkace, ka ba shi kamar awa guda, sannan ka kira kamfanin. Idan cinikin bai faɗa ba, kuɗin kan dawo, amma yana iya ɗaukar kwanaki ko makonni, kuma a wannan tsakanin farashin na iya tashi. Shi ya sa ba a shiga wannan harka da kuɗin da ya yi cif-cif. Bar rarar kashi 10 zuwa 15 cikin 100 a gefe, saboda dala da irin wannan tsaiko.

In shafi ko na'urar POS a can ta tambaye ka da wane kuɗi za a cire, zaɓi kuɗin ƙasar da kake ciki, riyal ko sidi ko fam ɗin Masar. Canjin da na'urar ke yi maka da kanta ya fi tsada.

Mataki na 4: Zaɓen jirgi

Yi amfani da Google Flights ko Skyscanner don ganin wa ke zuwa, yaushe, da nawa. Kano KAN ce, Abuja ABV, Legas LOS, Jidda JED, Madina MED. Buɗe kalandar farashi ka ga yadda matsar da tafiya kwana biyu ke sauya kuɗi. Goman ƙarshe na azumi, ƙarshen Disamba da dogon hutun Yuli da Agusta su ne lokutan tsada. Mai niyyar Umra a dogon hutu ya san zafin Makka a lokacin yana haura digiri 40, ya yi lissafin tsofaffi da ƙananan yara.

In ka ga wanda ya yi maka, koma shafin kamfanin jirgin kansa ka saya a can. Shafukan 'yan tsakiya kan nuna ragin 'yan dubbai, amma ranar da aka soke jirgi, kamfani zai ce ka koma inda ka saya, inda ka saya kuma ba lambar da ake ɗauka. Araha ba ta ado.

Kafin ka kwatanta farashi biyu, buɗe sharuɗɗan kowanne. Tikiti mafi araha a jeri sau da yawa jakar hannu kawai ya ƙunsa. Wanda aka saba da shi a tafiyar waje daga Najeriya shi ne jaka biyu masu kilo 23 kowace, da ta hannu mai kusan kilo 7, amma kada ka ɗauka haka ne sai ka gani a rubuce. Iyalin da za su dawo da tsarabar dabino da jallabiyoyi da sallaya, in suka sayi marar kaya, abin da za su biya a filin jirgi zai shafe ragin har ya ci riba. Duba kuma nawa ne canjin rana, da ko ana mayar da kuɗi in an fasa. Yaro ƙasa da shekara 2 a cinya yake zama da ɗan kuɗi kaɗan, daga 2 zuwa 11 kuɗin yara ne da kujerarsa, daga 12 kuɗin babba. Shekarun ranar tafiya ake dubawa, har da ranar dawowa.

Yada zango na da nasa tarko. Daga Kano, Ethiopian Airlines ta Addis Ababa take bi, EgyptAir ta Alƙahira. Muddin tikiti ɗaya ne daga farko har ƙarshe, in jirgin farko ya makara kamfani ne zai nemo maka wani, kayanka kuma za su wuce da kansu. Amma in tikiti biyu ne daban, ko da shafi guda ya haɗa maka su, makarar na farko asararka ce. Wannan ya fi shafar masu yankar tikitin cikin gida zuwa Legas ko Abuja su kama na waje. Jiragen cikin gida suna ɗage lokaci, ga hazo daga Disamba zuwa Fabrairu da kan hana tashi da sauka a arewa. A Legas kuma ɓangaren jiragen cikin gida daban yake da na ƙasa da ƙasa, sai an hau mota. Ka tafi tun ana gobe ka kwana. Kuɗin otal na dare ɗaya bai kai kuɗin tikitin mutum biyar ba.

Kada ka yanki tikitin da ke yada zango a Turai ko Ingila ba tare da bincike ba. Mai fasfon Najeriya na buƙatar bizar wucewa a filayen jirgin ƙasashen Schengen, wato galibin ƙasashen Tarayyar Turai, da na Birtaniya ko da ba zai fita waje ba, sai fa in yana riƙe da wata biza da ta ɗauke masa, kamar ta Amurka ko Kanada.

Lokutan da ke jikin tikiti na garin da ake tashi ko sauka ne. Saudiyya da Habasha suna gaban Najeriya da awa 2, Dubai da awa 3, Ghana tana bayanmu da awa 1. Ga kuma wanda ya kwantar da mutane da yawa: tikiti ya ce Juma'a, 00:40. Wannan daren Alhamis ne, wayewar Juma'a. Ranar Alhamis da ƙarfe tara na dare ya kamata kana filin jirgi. Wanda ya je ranar Juma'a da dare ya tarar jirgi ya yi kwana guda da tashi, kuma da yake bai hau na tafiya ba, kamfani kan soke masa har na dawowa.

Ga mai Umra, nemi zaɓin garuruwa da yawa a shafin, ka sauka Madina ka taso daga Jidda, ko akasin haka. Ka rage wa kanka tafiya guda tsakanin biranen biyu. In kuwa Jidda za ka fara sauka ka wuce Makka, sa haraminka a jakar hannu, domin jirgi na wuce miƙati kafin ya sauka.

Mataki na 5: Tabbatar tikiti ne a hannunka

Wannan mataki minti biyar ne, amma shi ke raba mai tafiya da wanda aka yi wa sakiyar da ba ruwa. Akwai lamba iri biyu. PNR haruffa da lambobi 6 ne, tana nuna an kama maka kujera kawai, kuma ana samunta ba tare da an biya ko kwabo ba. Lambar tikiti kuwa lambobi 13 ce, kowane fasinja da tasa, ukun farko na kamfanin ne: 071 Ethiopian, 077 EgyptAir, 065 Saudia, 157 Qatar Airways. Takardar da ba ta da lambobi 13 ba tikiti ba ce, komai kyan tambarin da ke kanta.

Shiga shafin kamfanin jirgin da kanka, nemi wurin duba tafiya, sa PNR da sunan mahaifi, ka ga sunayenku da ranaku da kaya da lambobin tikiti. Idan ta hannun ejan ka saya, sake dubawa bayan kwana biyu, domin ejan na da damar soke tikiti a ranar da ya fitar da shi, kuma marasa tsoron Allah kan yi haka bayan sun turo maka hoto. Sake dubawa kuma ana saura mako guda.

Ba ina cewa a guji ejan ba ne. Ejan nagari, mai ofis da rajistar IATA ko ta NANTA, ƙungiyar ejan-ejan na tafiye-tafiye ta Najeriya, ya fi ka sanin hanya, kuma ga tafiyar mutum da yawa ko ta tsofaffi ya cancanci ladansa. Wanda ake gudu shi ne na WhatsApp da Instagram da TikTok mai tallar rabin farashi, mai cewa "Alhaji, kujera biyu suka rage, a turo yanzu." Wasunsu da katin sata suke sayen tikitin, ya fito lafiya lau, sai mai katin ya kai ƙara a soke shi kana tsakiyar haɗa kaya. Biya a asusun kamfani, ba na mutum ba, ka karɓi rasit mai ɗauke da abin da aka yi alkawari dalla-dalla: sunan otal, yawan kwana, jirgi, da ko akwai abinci da mota.

Mataki na 6: Masauki

A Booking.com ko Agoda ko Airbnb, fara da cika adadin mutane na gaskiya da shekarun yara. In ka sa manya biyu don farashi ya sauko, ka iso da yara uku, za a ce sai ka ƙara ɗaki a farashin ranar. Tace sakamakon ya nuna waɗanda ake fasawa kyauta, ka rubuta ranar da damar ke ƙarewa, da agogon can ba na nan ba.

Hoto ba abin dogaro ba ne. Ra'ayoyin waɗanda suka kwana za ka karanta, na watannin baya-bayan nan, kuma ka fara da masu ƙorafi. In mutum biyar daban-daban sun ambaci lifta ko ƙarancin ruwan zafi ko ƙwari, haka abin yake. Sannan kwafi sunan otal ɗin ka sa a Google Maps, ka nemi tafiyar ƙafa zuwa inda za ka riƙa zuwa. A Makka wannan ya fi komai. Otal zai rubuta mita 800 zuwa Harami, amma awon tsuntsu ne, kuma wasu unguwannin, kamar cikin Ajyad, hawa ne. Mita 800 da hawa, sau biyar a rana, da Hajiya mai ciwon gwiwa da yaro a kafaɗa, ƙarshenta a ɗaki za a riƙa salla. Otal ɗin Aziziyya sun fi araha amma sai da mota, don haka tambayi ko motar tana aiki dare da rana da kuma inda take sauke mutane. A Madina, yankin Markaziyya da ke kewaye da masallaci shimfiɗaɗɗe ne, tafiyar ta fi sauƙi, sai dai mai tafiya da mata ya duba ɓangaren da ya fi kusa da ƙofofinsu.

Farashin da ke shafin farko ba lalle ya haɗa da haraji ba. Bi har shafin ƙarshe kafin biya ka ga jimla. Yawancin otal ba sa ba da ɗaki sai ƙarfe biyu ko uku na rana, wasu a Makka sai huɗu. Jirgin da ya sauke ku da asuba na nufin zaman jira da yara masu barci a kujerun karɓar baƙi. Ko dai ka kama ɗakin tun daren da ya gabata ka sanar da su da safe za ku iso, ko ka shirya wa jiran. In kuma tsakar dare za ku iso, rubuta musu, kada su ɗauka kun fasa su sayar da ɗakin.

Bayan ka kama, nemo lambar otal ɗin ko imel ɗinsa daga shafinsa, ka tambaya ko sunanka ya iso, su ba ka lambar tabbaci tasu. Kuma in saƙo ya zo, ko da ta cikin manhajar ne, yana cewa katinka ya samu matsala, ka danna nan cikin awa 24 ko a soke ɗakin, kada ka danna. 'Yan kutse kan shiga asusun otal su tura wa baƙinsa irin wannan. Kira otal ɗin ka ji daga bakinsu.

Mataki na 7: Ƙananan abubuwa da makon ƙarshe

Jirgin ƙasa na Haramain yana haɗa Makka da Madina ta Jidda, kilomita 450 cikin kimanin awa biyu da rabi. Ana sayen tikitinsa ta intanet, yana cika a lokutan cunkoso, kuma yana da iyakar kaya, don haka masu manyan jakunkuna su duba kafin su saya. Shiga Rauda sai da izini daga manhajar Nusuk. Sauke ta tun kana gida ka yi wa kowa rajista da zarar biza ta fito. Bar layinka na banki a waya ka buɗe masa aiki a waje, saboda lambar OTP za ta bi ka har can.

Buga komai a takarda: tikiti, biza, takardar otal, katin rigakafi. Waya kan mutu a daidai lokacin da jami'i ya miƙo hannu. Riƙa duba imel kullum, domin ta nan ake sanar da sauyin lokacin jirgi. Yawancin kamfanoni na buɗe rajistar shiga jirgi ta intanet awa 24 zuwa 48 kafin tashi, a nan za ka zaɓa wa iyali kujeru a jere.

Wajen haɗa kaya, pawa bank a jakar hannu yake tafiya. Magani ya zauna a kwalinsa da takardar likita, kuma a nisanci tramadol da kodin, don Masar da Daular Larabawa da Saudiyya ba sa wasa da su. NAHCON ta sha gargaɗin maniyyata kan ɗaukar goro zuwa Saudiyya. Kada ka karɓi saƙon kowa, ko da a ce maka kuka ce da daddawa. A wurin awo kuma tsaya ka ƙirga: jaka huɗu ka bayar, takardun shaidar kaya huɗu za a liƙa maka, ba biyar ba. An sha samun waɗanda aka maƙala wa sunansu jakar da ba tasu ba, suka tsinci kansu a hannun hukuma a ƙasar mutane. Ɗauki hoton jakunkunan da takardun.

In an sauka jaka ba ta fito ba, ko ta fito a fashe, kada ka bar zauren sai ka je teburin kayan kamfanin an cika maka takardar rahoto an ba ka lamba. A ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta ƙasa da ƙasa kan sufurin jirgin sama, kwana 7 gare ka ka rubuta ƙorafin lalacewa, kwana 21 na jinkiri daga ranar da aka miƙa maka jakar. Idan kamfani ne ya soke jirgin da zai tashi daga Najeriya, kana da zaɓin a sa ka a wani ko a mayar maka da kuɗinka, kuma dokar NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ta ba su kwana 14 ga wanda ya biya ta banki. In sun wuce haka, kai ƙara sashen kare haƙƙin fasinja na hukumar, suna da teburi a manyan filayen jirgi, ka haɗa da tikitin, shaidar biya da saƙon da suka turo na sokewa.